Silimar unguwarmu: me ya kashe ta a gaskiya

Ɗan ƙanwata ne ya tono wannan magana ba da niyya ba. Wata Asabar mun taso daga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, za mu gida, nace wa mai mashin ka sauke mu a silima, bai ko tambaye ni wace silima ba ya ja muka tafi, da muka sauka yaron ya tsaya yana ta waige-waige, can yace Kawu to ina silimar? Na nuna masa ginin. Yace ai wannan magazan ɗin siminti ne. Kuma gaskiyarsa ce, ga lebura nan suna sauke buhuna daga kamiyo, jikinsu fari fat kamar an tono su. Shi kansa mai mashin ɗin na tabbata ba a haife shi ba lokacin da aka kashe fitilar ƙarshe a gidan, amma ya san inda ake cewa silima, kamar yadda ya san Rumde Ajiya da Yelwa da bakin gada.

Abun ya tsaya min a rai sati guda. Sai na ga ni kaina da na ci ƙuruciyata a bakin ƙofar nan in aka ce in faɗi dalilin rufewarta ba abin da zan ce sai irin abin da kowa ke cewa a majalisa, wai bidiyo ce ta kashe ta. To na ce bari in bi diddigi. Ba zan kama sunan gidan ba don mai shi ya rasu, magada na nan, kuma maganar filin ba ta gama kwanciya a tsakaninsu ba, kar in zo neman labari in tayar da ƙura.

Wanda na nufa shi ne tsohon da ya riƙe injin, mu duka operater muke ce masa tun muna yara, yanzu kuma Baba operater. Yana nan da ransa, ido ɗaya ya yi hazo, yana zaman gyaran rediyo da fanka ƙarƙashin wata darbejiya. Sau uku na je wajensa, na farko ma bai sake da ni ba sai da na gaya masa ko ni ɗan wane ne, sai yace au, kai ne wanda ubanka ya zo da dorina har ƙofar tike? Nace ni ne Baba. Ya yi dariya har da tari.

Ga wanda bai san gidan ba, katanga ce doguwa mai kusurwa huɗu, rabin baya da rufin kwano, rabin gaba sararin Allah. Allon ba ƙyalle ba ne, bango ne na siminti da ake shafa wa farar ƙasa. Gaba-gaba bencina ne na siminti, nan ne wajen mu 'yan dala ashirin, ka ɗaga kai sama har wuyanka ya ƙage. Baya ƙarƙashin rufi kujerun ƙarfe, wajen ma'aikatan gwamnati da 'yan kudu masu zuwa da matansu da 'yan kasuwa masu ɗan hali. Ba a fara fim sai duhu ya kama sosai, wato bayan isha, shi ya sa duk wanda aka rasa a sahu ran nan an san inda za a neme shi. A watan uku da na huɗu lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 bencin nan yana riƙe zafi har dare, sai ka shimfiɗa kwali. Da hunturu kuma ka shiga da bargo. In damina ce hadari ya haɗo daga gabas kana cikin kallo, kowa ya kwasa a guje zuwa ƙarƙashin rufi, masu kujera suna tsaki, fim kuma bai tsaya ba, sai ka ga ruwa na ratsa hasken kamar an watsa allurai.

Waje kuwa kasuwa ce sukutum. Mai tsire, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mata masu soyayyen kifin Binuwai, yara masu gyaɗa a faranti. Ƙarshen wata in an biya ma'aikatan masaƙar CICAM da na kamfanin auduga SODECOTON ba ka samun wajen sa ƙafa. Ranar sallah kam ba a magana.

Finafinai kala uku ne ke cika gidan: Indiya, karate na 'yan Sin, sai kaboyi. Jarumi sunansa akter, mugun kuma shef bandi, kuma kowane yaro ya san dokar, akter ba ya mutuwa. In ya mutu to fim ɗin ya ci amanarmu, har jifan allo an taɓa yi da ɓawon rake. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, rubutun Faransanci da ke ƙasa kuma kafin ka haɗa baƙi ya wuce, sai aka samu wani saurayi a bencin gaba da ya mai da fassara sana'a, shi ma ba ya jin ko kalma ɗaya, kawai dai ya ga fim ɗin sau goma, yana ba da labari da Hausa yana sirkawa da Fillanci, a nan uwar tana cewa ɗana kar ka tafi, a nan shef bandi yana cewa yau sai na ga bayanka. Mu kan haɗa masa kuɗin tike don mu zauna kusa da shi. Daga baya da na girma na sake ganin ɗaya daga cikin finafinan nan da fassara ta gaske, sai na tarar rabin labarin shi ya ƙirƙira, kuma wallahi nasa ya fi daɗi.

Goggona kuwa gidan aurenta na bayan katangar, ba ta taɓa taka ƙofar silima ba ko sau ɗaya, matar aure a unguwarmu ina ita ina can. Amma da yake ba rufi sautin yana faɗowa tsakar gidanta kowane dare, har yau in tana tsintar shinkafa za ka ji tana rera waƙar Indiya tiryan-tiryan, ba ta taɓa ganin fuskar masu yin ta ba. Ita ce ma ta fara gaya min cewa kafin a rufe, an daɗe waƙoƙin ba sa canzawa. Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da Baba operater ya zo da irinta.

Shi abin da ya fi so ya yi magana a kai injin ne, kuma na bar shi. Fim ɗin 35mm ne, hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ba a dunƙule yake zuwa ba, bobin-bobin ne a cikin gwangwani, kowane bobin wajen mita 600, minti 20 da ɗan ɗoriya ya ƙare, kaboyi bobin biyar ko shida, Indiya mai awa uku ta kai takwas ko tara. Inji biyu ne a ɗakin gefe da gefe, ɗaya na juyawa kana ɗora wa ɗayan, sai ka zuba ido a kusurwar sama ta dama, wani ɗan ɗigo zai ƙyafta, na farko ka tayar da inji na biyu, na biyu ka sauya, in hannunka ya gwanance ba wanda zai san an canza. Hasken kuma ba ƙwai ba ne, sanduna biyu ne na sharbon, wato wani irin gawayi, da kuran, wutar lantarki kenan, ke tsalle a tsakaninsu, suna ci suna ƙarewa kamar kyandir, dole kana lura da tazarar, in ka yi gyangyaɗi allo ya yi ja ya dushe, nan take za ka ji ƙasa ta ɗauka, operater! operater! da sauran kalmomin da ba zan rubuta ba. Yace ɗana, shekarun da na yi a ɗakin nan ba wanda ya taɓa kiran sunana sai in abu ya ɓaci.

Nan na tambaye shi daga ina fim ɗin ke zuwa, kuma nan ne labarin ya juya min.

Mai silima ba shi da fim ko ɗaya, haya yake yi. Tun zamanin Turawa kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rabon finafinai a ƙasashen da Faransa ta mulka, har zuwa farkon shekarun 1970, kuma ɓangarenmu na Kamaru da Cadi da Gabon da Kongo daga Duwala ake raba masa. Bayan su wasu suka gaji harkar amma hanyar ba ta canza ba. Kwafi ɗaya ne zai sauka a Duwala, ya yi kwanakinsa a manyan gidaje, ya hau Yawunde, ya zaga garuruwan kudu, sannan ya hau jirgin ƙasa, wanda sai 1974 ya iso Ngaundare, daga can a ɗora shi a mota zuwa Garwa, in mun gama ya wuce Marwa. Kaga kenan mu a wutsiya muke. Kafin gwangwanin ya iso hannun Baba ya bi ta inji nawa, kowane operater in fim ya tsinke masa sai ya yanke inda ya lalace ya liƙa, wani ma ya yanke 'yan hotuna masu kyau ya sayar wa yara su riƙa ɗagawa a rana. Shi ya sa muke ganin akter ya ɗaga ƙafa zai yi duka, ƙiftawar ido shef bandi na kwance. Mu a zatonmu tsabar sauri ce.

Duk da haka lissafin yana fita, don mutane na shigowa. A shekarun 1970 gidajen silima a Kamaru sun haura 30, gwamnatin Ahidjo ma har ta kafa asusun tallafa wa harkar fim, FODIC, a 1973.

To me ya faru? A majalisarmu bayani uku ake bayarwa, na kuma ɗauki kowanne na kai wa Baba.

Na farko wai wa'azi ne ya yi tasiri, mutane suka ji tsoron Allah suka daina zuwa. Wannan ni ban ma yarda da shi ba tun kafin in tambaya. Malamai ba su taɓa son gidan nan ba, tun ranar da aka buɗe shi sunansa matattarar 'yan iska, uba ba ya ba da 'yarsa ga wanda aka sani ɗan silima ne sai an kai ruwa rana, ni kaina na sha dorina a kai. Amma a lokacin da ake wannan faɗan ne gidan ya fi cika. Abin da bai hana mutane shiga ba shekara da shekaru ba shi ne zai kore su dare ɗaya ba, kuma waɗanda aka ce sun tuba ai mun gan su daga baya a bidiyo-kulob.

Na biyu ita ce bidiyon. A nan akwai gaskiya amma ba duka ba. Tele ta fara a ƙasar nan a 1985, magneto, wato na'urar kunna bidiyo, da kaset suka biyo baya ta hanyar Mubi da Yola, kafin ka ce kwabo kowane lungu an samu mai zaure ko rumfar zana da ya ajiye tele da benci uku yana karɓar dala biyar ko goma. Ba haraji a kan tike, ba hayar fim, ba albashin mutum goma, kuma da rana tsaka ma ana kallo, abin da silima marar rufi ba za ta taɓa iyawa ba. Yara suka fara zamewa. Sai dai Baba yace shekaru aka yi ana tafiya tare, don babba mai kuɗin tike ba zai je ya cusa kansa a zaure da yara yana leƙen akwati ba alhali ga allo kamar gida. Yace bidiyo ta ɗebi bencin gaba, kujerun baya suna nan, kuma kujerun baya su ke biyan haya.

Abin da ya kwashe kujerun baya shi ne na uku, wanda mutane ba su cika kawowa ba saboda ba shi da daɗin labari: kiriz. Daga 1986 zuwa 1987 farashin mai da auduga da koko ya faɗi, kuɗi ya ɗauke a gari. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu a shekara ɗaya. Ba a gama wannan jimami ba, ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya sefa biyu, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. To duk abin da ɗakin inji ke ci daga waje yake zuwa, sharbon, madubin fitila, bel, haƙoran da ke jan fim, har shi kansa fim ɗin. Komai ya ninka a daidai lokacin da mai zama a kujera aka raba shi da fiye da rabin abin da yake ɗauka. Alhaji mai gidan ya gwada ƙara kuɗin tike, sati biyu ya mayar, don kujeru ya riƙa nuna wa fim.

Daga nan sai gwangwani ya fara jinkiri. Masu rabo a Duwala su ma ruwa ya kai musu wuya, ba sa sayen sabbin kwafi da yawa, wanda suka saya kuma ba za su aiko shi tafiyar sama da kilomita dubu ba don gidan da ake bi bashin haya. Sai tsofaffi. Baba yace akwai fim ɗin Indiya ɗaya da ya dawo masa har ya daina ƙirgawa, ya san kowane liƙi da ke jikinsa don rabi shi ya yi su, in ka buɗe gwangwanin wani tsami ke bugun hancinka kamar ruwan tsami, alamar fim ya fara ruɓewa kenan saboda zafi. Wannan shi ne abin da Goggo ta ji ta bayan katanga. A lokaci guda kuma mai zaure yana da fim ɗin da ya fito bara. Ka ga an juya kenan, da silima ce mai sabo bidiyo mai kwashe-kwashe, yanzu ta koma silima ce mai tsohon zance.

Sharbon ma ya koma sai an yi dabara. Ya nuna min yadda yake haɗa guntaye biyu da ƙarfen gwangwani don su kai bobin ɗaya. Inji ɗaya ya mutu aka riƙa cire kayansa ana raya ɗayan, shikenan sauyi ya ƙare, duk minti 20 sai allo ya yi duhu a jira shi ya ɗora. Wa zai biya kuɗi ya zauna a duhu sau takwas?

Ni a nawa ganin, bayan na saurari kowa, cewa bidiyo ta kashe silimar nan kamar a ce ungulu ce ta kashe saniya ne don an same ta a kan mushen. Gidan ya dogara ne da wata doguwar igiya da ɗaya bakinta ke Faris, mu muna can ƙarshe, ba mai gidan ba operater ba mai kallo, ba wanda ke da iko a kan ko taku ɗaya na igiyar. Ranar da ta tsinke daga sama ba abin da wani a Garwa zai iya yi.

Amma akwai wani abu da ya fi ci min rai, kuma Baba ne ya faɗe shi yana goge wata fanka ba tare da ya ɗauke shi komai ba. Yace duk zamansa a ɗakin nan bai taɓa ɗora bobin da ake Hausa a ciki ba. Ko ɗaya. Finafinan Kano sun fara a 1990, zuwa ƙarshen shekarun nan sun cika kasuwa, suka shigo mana ta hannun 'yan kasuwa masu zuwa Najeriya, kuma a kaset aka haife su, ba su taɓa hawa 35mm ba. Wato ranar da a ƙarshe aka samu fim ɗin da ba ya buƙatar saurayin bencin gaba, wanda Goggo za ta ji kowace kalma, injin gidan ba shi da bakin cin sa. Kuma masu kallonsa na gaske mata ne a cikin gida, mutanen da dama silima ba ta taɓa lissafawa da su ba. Alhaji ya sayo wata na'urar haska kaset a bango, aka gwada, hoton ya fito a wanke kamar tsohon atamfa saboda allon ya fi ƙarfinta, mutane suka ce to in kaset ne ai muna da shi a gida. An ɗan ja da nuna ƙwallo, sai masu parabol, wato farantin tauraron ɗan adam, suka ƙwace wannan ma. Aka koma ba da hayar filin ga masu biki da masu wasa. Ba ranar da aka ce yau an rufe, ba sanarwa, kawai dai allon afish, wato hoton tallan fim, na ƙofar ya daina canzawa, hoton ƙarshe ya zauna rana na cinsa har ya koma shuɗi.

Kuma kar wani ya ce sakacin 'yan arewa ne. Manyan ma sun bi, a watan Janairun 2009 gidaje uku na ƙarshe a duk ƙasar, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, aka rufe su cikin 'yan kwanaki, Kamaru ta zauna ba silima sai da Canal Olympia ta buɗe a Yawunde a 2016. A Injamena gwamnati ce ta sa kuɗi aka gyara silimar Normandie aka sake buɗe ta a 2011, bayan Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Cadi mai shirya fim, ya ciyo kyauta a bikin finafinai na Cannes a 2010. Tamu ba wanda ya ciyo mata komai.

Injinan biyu bayan rasuwar Alhaji masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauka, a kan sikeli aka yi cinikin. Baba bai je ba ranar, yace yana jin ƙarar guduma daga inda yake zaune. Abin da ya rage masa gwangwanin madara ɗaya ne da guntayen sharbon a ciki da wani gilashin inji da ya naɗe a tsumma, ya ɗauko ya miƙa wa ɗan ƙanwata da na je da shi zuwa na uku, yaron ya ɗora a kan wayarsa yana ganin rubutu ya kumbura, yace Baba wannan na mene ne? Yace na aiki ne.

Da za mu tafi sai ya riƙe hannuna yace ɗana in ka shiga magazan ɗin ka ɗaga kai ta bangon baya, sama kusa da rufi akwai 'yan tagogi huɗu ƙanana, biyu na haske biyu na leƙe, ka duba min ko sun toshe su. Na je washegari, mai gadi yace shi ba a ba shi izinin barin kowa ya wuce wajen sikeli ba, sai in mai kaya ya zo, kuma ya tafi Ngaundare sai Juma'a. Na leƙa ta saman buhuna dai, uku na hango, ɗaya an cusa mata tsohon buhu, tantabaru na shiga suna fita ta sauran. Ta huɗun siminti ya kare ta. Na gaya wa Baba, yace to Juma'ar ka zo da mashin ka ɗauke ni, ni na san inda take.